Harbi Tara a Birnin Ƙwarya

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya yi mata faɗi, ya kafa duwatsu ya yi musu nauyi, ya saki koguna ya hana su hutu. Ku gyara zama, ku da kuka tambaye ni labarin tafiye-tafiyena. Sunana Jatau ɗan Anaruwa, mutumin Tungar Maje da ke bakin Baƙin Gulbi, kuma abin da zan faɗa muku da idona na gan shi, da fatar jikina na taɓa shi.

Sana'ar gidanmu zubin dalma ce. Mu ke narkar da ita mu zuba wa masunta 'yan ƙwallayen da suke ɗaurawa a bakin taru don ya nutse. Aiki ne na zama, ni kuwa tun ina ƙarami ba a san ni da zama ba. Ko tuwo nake ci, ƙafata tana rawa a ƙarƙashina. Ina da wata tsohuwar bindiga harba-ruga da na gada a wajen kawuna, nakan ɗura mata ƙwallayen nan in fita bayan gari. In na auna barewa sai in sami kututture, in na auna kututture sai in sami iska.

Wata rana wani falke ya sauka a garinmu, ya gan ni ina zagin bindigar. Ya yi dariya ya ce, "Samari, ba laifinta ba ne. A Dutsen Tama, can bayan Ƙasar Tabarma, akwai maƙeran da suke sassaƙa wa bindiga layuka a murɗe cikin bututunta, kamar igiya. Harsashinta dogo ne kamar ƙwallon dabino. Yana fita yana juyi, ya je ya sami goro a taku ɗari uku."

Daga ranar tuwo ya daina wuce mini maƙogwaro. Kwana shida na iya daurewa. A na bakwai na nemi gafarar mahaifina, na saɓi jakar fata cike da dalmar taru, don ita ce kaɗai dukiyar da na sani, na kama hanyar gabas.

Wata uku ina tafiya kafin in isa Ƙasar Tabarma. Ƙasa ce wadda ba ta da turɓaya. Saiwoyi ne da ciyayi suka sarƙe a kan wani ruwa da ba a san zurfinsa ba, har suka yi kaurin da mutum zai taka. Amma duk wanda ya tsaya wuri guda gwargwadon karanta Fatiha, sai ya ga ruwa ya rufe masa idon sawu. Saboda haka mutanen ƙasar ba sa tsayawa. A tafe suke cin kasuwa, a tafe suke gaisawa, alƙalinsu ma a tafe yake shari'a, masu ƙara suna biye da shi. Sai in barci ya zo ko salla, su hau wasu faffaɗan gadaje na gwangwala da ke shimfiɗe a kan ciyawar. Na ce a raina, yau na zo garin 'yan'uwana.

Ashe jakata za ta tona mini asiri. Wani mai tallar fura ya jera da ni ya ce, "Baƙo, me ke cikin jakar nan? Kana tafe kana barin rijiyoyi a bayanka."

Na ce, "Dalma ce."

Ya ce, "Yar da ita. A tsakiyar ƙasar nan tabarmar ba ta da kauri."

Na ja na tsaya don in yi masa gardama, na manta inda nake. Kafin in kai ƙarshen magana na nutse har cinya. Sai da na kwanta rub da ciki na ja jiki kamar ƙadangare sannan na fita. Na hau gadon gwangwala ina haki, na zazzage jakar, na ɗauko doguwar igiya na jera ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, kamu biyu tsakanin kowane da ɗan'uwansa, yadda muke yi wa taru. Na ɗaura bakin igiyar a ƙuguna. Nauyin ya bazu, tabarma ta ɗauke shi. Haka na ratsa ƙasar cikin kwana tara ina jan wutsiya mai kamu sittin, mutane suna bi na da dariya.

Dutsen Tama gari ne a cikin dutse. An rarake cikinsa, maƙera dubu suna aiki, ba a sanin rana ta fito ko ta faɗi sai da kiran salla. A ƙofarsa akwai wani ƙaton mizani. Duk baƙon da ya zo sai a ɗora shi da kayansa a auna, a yi alama a bango. Ran da zai fita a sake auna shi. Dokarsu ita ce ba kayan ƙira da zai bar dutsen. Wanda ya fi nauyinsa na shiga ko da da ƙwan kaza ne, a bincike shi, in an sami ƙarfe a jikinsa a ɗaure shi a gindin zuga-zugi har ƙarshen ransa.

Na faɗa hannun wani tsohon maƙeri, Baba Korau, gajere, wuta ta cinye masa rabin gemu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini zuga-zugi. Shekara biyu ina zuga masa wuta. Kullum sai na ce, "Baba, yaushe zan zuba harsashi?" Kullum amsarsa guda ce: "Zuga."

A nan na fara ganin mazubin harsashi. Ƙarfe biyu ne masu haɗuwa kamar leɓe da leɓe, da rami a tsakiyarsu mai siffar ƙwallon dabino, da 'yar kafa a sama inda ake tsiyaya dalma. Na sha ganin yadda tsohon yake yi da sabon mazubi. Yakan goge shi da toka, ya kanga shi a hayaƙin fitila, ya ajiye shi a gefen garwashi ya daɗe, sannan in ya fara zuba ya mayar da goman farko cikin kasko ko dubansu bai yi ba. Idona ya ga wannan duka, amma hankalina yana ƙofar dutse.

Wata safiya ya kira ni lungu, ya buɗe wani tsumma. Mazubi ne sabo ƙal, yana ƙyalli da mai.

Ya ce, "A Birnin Ƙwarya akwai wata maharbiya, Tasalla. Ni na ƙera wa ubanta bindiga shekara arba'in da suka wuce, tun ba a kafa dokar nan ba. Mazubinta ya tsage, ta aiko mini da tsohon harsashi guda ta hannun fatake don in ga girmansa. Ga sabo na yi mata. Ni ƙafafuna sun ƙare, kai kuma naka sun dame ka. Za ka kai?"

Na ce, "Yau ma, Baba."

Ya ce, "Saurara. Ban gwada shi ba, don in na zuba dalma a ciki labari zai kai ga masu gadi. Kada ku yarda da shi sai kun gwada."

Zuga ta ramar da ni ƙwarai, a nan dabararmu ta tsaya. Na ɗaure ɓarin mazubin biyu a cinyoyina ta ciki. Tsohon ya auna ni a nasa mizanin, ya cire ƙwallayen dalma huɗu daga jakata, nauyi ya zo daidai da na ranar shigata. A ƙofa aka ɗora ni, mizani ya tsaya cak a kan alama. Shugaban masu gadi ya dubi bango, ya dube ni.

Ya ce, "Shekara biyu kana zuga ba ka rame ba? Kai ne na farko."

Ƙarfen nan ya yi mini sanyi a cinya. Na dafe ciki na ce, "Ranka ya daɗe, na rame, dubi wuyana. Murnar tafiya ce ta sa na zauna na tashi da ƙwarya uku ta wake da safen nan. Yanzu haka cikina yake murɗawa. In ba a sauke ni da wuri ba, ina tsoron abin da zai sami mizaninku."

Ya ja da baya, ya yi mini nuni da ƙofa.

Kwana arba'in na yi kafin in hango Birnin Ƙwarya, damina ta yi tsaka. Duwatsu ne suka kewaye garin, shi kuma yana ƙasa kamar fura a gindin ƙwarya. Hanyar shiga guda ce, siririya, mutum ɗaya take ɗauka. Da hantsi na fara gangarawa, sai na yi ta karo da mutane suna hawowa, mata da goyo, maza da tsofaffi a bayansu. Kwana biyar ke nan ana ruwa, ranar ce ya sassauta ya koma yayyafi. Da na leƙa ƙasa na ga unguwa guda ta zama tabki, sai kawunan ɗakuna. Na tambayi inda Tasalla take, aka ce in bi gefen dutse har Ƙofar Ruwa.

Na same ta a ƙarƙashin wata rumfa a bakin kwazazzabo. Doguwar tsohuwa ce baƙa, ta haura sittin, tana zaune ta ɗora bindiga a cinya, bindigar ta kusa kai tsawon mutum. A gabanta wani ƙaƙƙarfan dattijo yana kai da komo, rigarsa sharkaf. Shi ne Dogara, Sarkin Ruwan garin. Na yi sallama, na kwance tsumman, na miƙa mata saƙon Baba Korau. Ta haɗa ɓarin biyu, ta ɗaga su sama ta duba ko haske zai ratsa tsakani, sannan ta ce, "Allah ya kawo ka a kan gaɓa, ɗan nan. Ka iya zubi?"

Na ce, "A ciki aka haife ni, Iya."

Sarkin Ruwa ya ja ni bakin kwazazzabo ya nuna mini matsalarsu. Duk ruwan da ya sauka a garin ta nan yake fita, ta wata ƙatuwar ƙofar katako da kakanninsu suka kafa. Da rani a rufe ta don a tara ruwan noma, da damina a buɗe. Wani babban dutse ne a rataye da sarƙa yake ɗaga ta in ya faɗi. Sakata ce ke riƙe da dutsen, ita kuma sakatar wata randa cike da yashi ce ke danne ta. In an kwashe yashin, sakata ta ɗaga, dutse ya faɗi, ƙofa ta buɗe. Amma randar tana ƙetare, a kan wani dandamali a jikin dutse, gadar igiyar da ake bi kuma ruwan farko ya tsinka ta. Mutum biyu sun gwada iyo, ba a ga ko hularsu ba. Kibiya ba ta kaiwa. Dabarar da ta rage ita ce a fasa randar da harsashi. Na duba inda yake nunawa, na hango randar kamar ƙwan zabuwa. Taku ɗari huɗu, in ji shi, kuma ba a ganinta sai daga kan wani falalen dutse da ya miƙa cikin kwazazzabon kamar harshe.

Ya ce, "Kowace salla ruwan nan yana hawa kamu guda. In aka kai magariba zai shiga duk rumbunan gari. Abincin mutum dubu tara ke nan na shekara. Marasa lafiya kuma da ba sa iya hawan dutse duk can muka tara su."

Tasalla ta girgiza wani ƙaho da ke rataye a wuyanta ta ce, "Albarushin gari duk ya jiƙe. Wannan ne ya tsira. Harbi tara ne a ciki, ba goma ba."

Ban jira ta rufe baki ba. Aka kawo gawayi da kaskon ƙarfe da ludayi, na hura wuta, na tsinke dalmata daga igiya na zuba. Tana narkewa na kwashe dattin da ya taso, na cafko mazubin da awartaki yadda yake, da sanyinsa da mansa, na tsiyaya. Na buɗe, harsashi ya faɗo. Na sake, na sake, har biyar. Duk a yamutse suka fito, kamar fuskar tsohon da ya sha tsami, gindinsu bai cika ba.

Tasalla ta juya ɗaya a tafin hannunta ta ce, "Wannan ba zai tafi daidai ba."

Na ce, "Dalma dalma ce, Iya. In ya shiga bututu zai miƙe."

Ta sa aka ɓalle ƙyauren wani ɗaki, aka zana masa da'ira da gawayi daidai girman randar, aka kai shi taku ɗari huɗu a gefen dutse aka jingine. Ta ɗura albarushi, ta shafa wa harsashin kakin zuma, ta danna shi da sanda, ta kwanta ta harba. Da muka je dubawa, ba a cikin da'irar ya shiga ba, can gefen ƙyauren ya sama, kuma a kwance ya shiga, ya bar dogon rami kamar sawun yatsa.

Sarkin Ruwa ya ce, "Yaya Tasalla, ba mu da lokacin harbin ƙyaure. Ki harbi randar. Ko da sa'a ce a dace."

Ta ce, "Ba na harbi da sa'a, Dogara."

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗauko ɗaya daga cikin huɗun na ce, "Wannan ya fi sauran kyau. Ni na zuba shi, na san zai je." Mutane suka goyi bayana, hayaniya ta yi yawa. Tasalla ta karɓa, ta taka kan falalen nan, ta ɗora bindiga a kan wani ɗan tudun dutse da ke ƙarshensa, ta harba. Ba wanda ya ga inda ya faɗa. Ta dawo ta zauna ta ce, "Saura bakwai."

Aka kira azahar. Muka yi salla, ni dai jikina ne a sahu. Ina sallamewa na tuna hannayen Baba Korau. Na ɗebi toka na goge ramin mazubin har man ya fita. Na kunna tsumma da kitse na kanga shi a hayaƙi har cikinsa ya yi baƙi. Na ajiye shi a gefen garwashi. Jiran nan ya fi shekara biyun zuga tsawo. Sarkin Ruwa yana tsaye a kaina yana cewa ruwa ya shiga masallacin unguwa ta biyu. Na tashi na zagaya rumfar, na dawo, na taɓa, na sake zagayawa. Da na fara zuba, na mayar da goman farko cikin kasko ina cizon leɓe.

Na sha ɗaya ya fito sumul, yana ƙyalli, gefunansa a cike. Murna ta kama ni, na jawo kaskon kusa don in ƙara sauri, ban lura na kawo shi ƙarƙashin inda rumfar ke yoyo ba. Ɗigon ruwa guda ya faɗa cikin narkakkiyar dalma. Kaskon ya yi tsawa, dalma ta fantsamo ta manne mini a hannun hagu daga wuyan hannu har gwiwa. Na faɗi ina birgima. Tasalla ta fizgi hannun ta tsoma a tulun ruwa, ta ɓamɓare dalmar, ta yagi gefen zanenta ta ɗaure.

Ta ce, "Za ka iya ci gaba?"

Na ce, "Zan iya."

Ta ce, "To matsar da kaskon tukun."

Da abin da ya rage na zuba goma sha biyu masu kyau, kamar uwa ɗaya ta haife su. Ta ɗauki biyu ta harbi ƙyauren. Na farko ya shiga da kai, ya huda rami kewayayye a bakin da'irar. Na biyu ya faɗi kamu biyu ƙasa da shi. Saura biyar.

Na ce, "Hannunki ne ya motsa, Iya."

Ta ce, "Shekara talatin rabon hannuna da motsi. Kawo su nan."

Ta samo tsinke da zare, ta rataya bawon katantanwa biyu, ɗaya a kowane gefe, ta yi ɗan mizani. Ta riƙa ɗora harsasan biyu-biyu. Ga ido duk ɗaya suke, amma huɗu daga cikin goman suka ɗaga sama. Ta ba ni wuƙa ta ce in tsaga guda. Na tsaga, sai ga rami a cikinsa kamar gyaɗar da ba ta yi ƙwaya ba. Waɗanda na tsiyaya da gaggawa ne, na ɗauke ludayi kafin mazubi ya sha ya ƙoshi. Ta ware shida masu nauyi ɗaya, ta harba biyu. Muka ruga. Ramuka biyu ne a cikin da'irar, tafin hannu guda ya rufe su duka.

Ta ce, "Yanzu na san shi. Yana ɗan karkata dama, zan ba shi haƙƙinsa. Saura uku."

La'asar ta yi sanyi lokacin da muka koma bakin kwazazzabo. Falalen nan da ta taka da hantsi ya nutse, ɗan tudun da ta ɗora bindiga a kai babu alamarsa. Ruwa yana gudu a wurin har ƙugu. Aka kawo sanda mai gwafa, amma dutse ne a ƙasa, ba inda za a kafa ta, ruwa ya fizge ta ya tafi da ita. Bindigar nan kuwa ba a riƙe ta da hannu kawai a sami randa a taku ɗari huɗu.

Tasalla ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sarkin Ruwa ya matso, ta ce ya yi tsawo. Idonta ya tsaya a kaina.

Ta ce, "Jatau, kafaɗarka nake so. Za ka durƙusa a gabana in ɗora bututun a kai. In ka motsa gwargwadon ƙwayar gero, a can ƙetare kamu uku ne."

Aka ɗaura mana igiya a ƙugu, maza goma suka riƙe. Muka shiga. Na durƙusa, ruwa ya kawo mini ƙirji, yana tura ni kamar ana jan bujimi. Ƙunar hannuna ta jiƙe, zafinta ya hau har ƙwaƙwalwa. Ta ɗora bututun a kafaɗata ta dama, ƙarfen yana gogar kunnena. Duk gaɓoɓina suna roƙona in tashi. Na ji ta ja numfashi, na san kunamar bindigar za ta taɓa, sai kafaɗata ta noƙe da kanta. Bindiga ta tashi. Ƙura ta tashi a jikin dutse, can ƙasa da randar.

Ba ta zage ni ba. Ta koma gaɓa ta ɗura, ta dawo, ta sunkuyo wajen kunnena na hagu, don na daman sai ƙugi yake yi.

Ta ce, "Kada ka jira ƙarar. Akwai wata ciyawa a jikin dutsen can, kana ganinta? Ƙirga ganyenta."

Na kafa wa ciyawar ido. Ina kan na bakwai duniya ta tsage. Mutanen gaɓa suka yi ihu, sannan suka yi tsit. Harsashin ya ɓantare leɓen randar, cikinta yana nan lafiya. Iskar kwazazzabo ce ta ɗaga shi, in ji ta. Saura ɗaya.

Rana ta kusa taɓa kan dutse, inuwa ta fara hawa dandamalin. Ruwa ya kai mini wuya, sai na ɗaga haɓa nake shaƙar iska. Ta dawo ta ɗora bututun. Wannan karon ta daɗe, tana jiran iska ta kwanta. Wani reshe ya zo ya daki haƙarƙarina ya wuce. Wani abu mai sanyi ya nannaɗe mini ƙafa ya saki. Ganyen ciyawar goma sha tara ne, na ƙirga su sau huɗu. Ban san lokacin da ta harba ba, sai dai na ga hayaƙi ya rufe mini fuska.

Da hayaƙin ya washe randar tana nan tsaye. Sai na ga wani siririn abu fari yana zuba daga cikinta kamar zare. Yashi ne. Harsashin ya huda ta a ciki, bai fasa ta ba. Muka tsaya a cikin ruwan muna kallo, ba mai iya komai. Zaren ya yi kauri, tsaga ta bi jikin randar, ɓari guda ya ɓalle, yashi ya kwararo gaba ɗaya. Sakata ta ɗaga. Dutsen ya faɗi, na ji shi a ƙirjina ba a kunnena ba, ƙofar ta yi sama, ruwa ya fizge mu. Da igiya aka jawo mu gaɓa kamar kifi.

Kafin magariba ruwa ya fara ja da baya. Marasa lafiya ba wanda ya rasa ransa. Rumbuna sittin da ɗaya suka tsira. Tara na ƙasa-ƙasa ruwa ya riga ya shige su tun la'asar, hatsinsu ya ruɓe, kuma na san da ban ɓata hantsin nan da zubin gaggawa ba da an kuɓutar da su. Mutanen unguwar da ke da su sun ci ganye da ƙarshen ranin shekarar, na kuma ci tare da su.

A ranar dai jama'a suka ɗauki Tasalla a kafaɗa suka nufi gari da ita, mata suna guɗa. Ni na zauna a cikin laka a gindin rumfar, hannuna yana zafi, jini yana ɗiga daga kunnena na dama, wanda bai sake jin sauti ba har yau. Can sai ga ta ta dawo ita kaɗai, da tulun ruwan ɗumi da sabon tsumma. Ta tsuguna a damana, ta jawo hannuna na hagu tana kwance ɗaurinsa. Na ga bakinta yana motsi, ta yi magana mai ɗan tsawo, idonta a kan ƙunar, har na ga ta share fuska da bayan hannu.

Na juyo mata da kunnen hagu na ce, "Iya, ban ji ba. Me kika ce?"

Ta dube ni, ta ɗaure tsumman tam, ta ce, "Cewa na yi ka goge mazubin nan ka shafa masa mai kafin ya yi tsatsa."

Na san ba abin da ta faɗa ke nan ba. Shekara bakwai na yi a Birnin Ƙwarya ina yi mata zubi, har ta koya mini harbi, har na sa ta a kabari da hannuna. Na tambaye ta ya fi sau ɗari, ba ta taɓa maimaitawa ba.

Wannan shi ne abin da ya same ni a garin da ke gindin duwatsu, Allah ne shaida. Wanda yake da tambaya a cikinku, ya zagayo ta hagu.